Gajiyar da Barci Ba Ya Warkarwa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hutu da Galabaitar Aiki

Akwai gajiyar da mutum zai kwanta da ita, gari ya waye ya tashi garau. Akwai kuma wadda zai kwana da ita, ya tashi da ita, ya yi hutun ƙarshen mako, Litinin ta zagayo ta same ta tana nan daram kamar an rataya masa dutse a wuya. A kan ta biyun muke magana. Turawa suna kiranta da wata kalma mai nufin wutar da ta cinye itacenta ta mutu, sai toka. Mu a nan za mu ce mata galabaitar aiki.

Mece ce galabaitar aiki, kuma ina bambancinta da gajiyar yau da kullum?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayaninta a bugu na 11 na kundinta na rarraba cututtuka. Ta ce yanayi ne da ke biyo bayan matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, kuma ta ba shi alamomi uku. Na ɗaya, ƙarfi ya ƙare. Na biyu, zuciya ta fita daga aikin, mutum ya riƙa kallonsa da ƙyashi da gundura. Na uku, ya ga hannunsa ya daina kyau, abin da yake yi cikin sauƙi a da yanzu ya gagare shi.

Hukumar ba ta sa ta a layin cututtuka ba. Ta ajiye ta a matsayin lamarin da ya shafi aiki, wanda kan iya kai mutum gaban likita. Wannan bambancin yana da amfani, domin yana nuna inda za a fara neman bakin zaren: a wurin aikin, kafin a zo kan jikin ma'aikacin.

Alama ta biyun ce ta fi raba ta da gajiya zalla. Wanda ya gaji yana son aikinsa, jikinsa ne kawai ya ƙi. Wanda ya galabaita kuwa, ko sunan wurin aikin aka ambata sai ransa ya ɓaci.

Sabon abu ne, ko dai suna ne aka raɗa wa tsohuwar gajiya?

Abin tsoho ne, sunan ne bai daɗe ba. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin Niyok, Herbert Freudenberger, ya rubuta abin da ya gani a wani asibitin kyauta da ake kula da masu shaye-shaye. Matasan da ke aikin sa-kai a wurin sukan zo da zafinsu, bayan kamar shekara guda sai ka ga sun yi la'asar, ga saurin fushi, ga ciwon kai, ga rashin barci. Shi kansa bai tsira ba, domin da rana yana duba nasa marasa lafiyar, da dare yana can. Daga baya Christina Maslach da Susan Jackson suka fito da ma'aunin tambayoyi a 1981, wanda har yau shi aka fi amfani da shi wajen bincike.

Ka lura da waɗanda aka fara ganin abin a jikinsu: mutanen da ba a biyansu ko sisi, waɗanda son aikin ne ya kawo su.

Ta yaya zan gane ta kama ni?

Ba ta sallama. Ni na gane tawa ce wata safiya da na iso bakin wurin aikina na dā, na tsaya a ƙofa hannuna a kan mariƙi, na kasa turawa. Ba abin da ya faru a ranar, ba wanda ya yi mini faɗa. Na koma gefe na yi kamar ina duba waya har kusan minti goma. Da na shiga, na karanta saƙo guda mai layi uku sau huɗu ban fahimci abin da ake so ba. Da yamma yaro ya tambaye ni wani ɗan ƙaramin abu, na daka masa tsawar da ni ma sai da na ji kunya.

Abin da mutane suka fi faɗa shi ne: jiki a mace amma ido ya ƙi rufuwa, farkawa da tsakar dare ana lissafin aikin gobe, faɗuwar gaba in waya ta yi ƙara, mantuwa, ciwon kai da na wuya da na baya, cikin da ba ya zama lafiya, mura a kai a kai. Sai kuma wadda mutane ke ɓoyewa saboda kunya, wato ƙeƙashewar zuciya. Ma'aikaciyar jinya da a da take zama ta saurari majinyaci, yanzu lambar gadonsa kawai take gani. Malamin da a da tambayar ɗalibi ke faranta masa rai, yanzu ji yake kamar an tsokane shi. Idan ka ga ka zama mutumin da kai kanka ba ka so, kuma ba haka kake ba a da, to ka tsaya ka duba. Jiki magayi ne, amma sau da yawa na kusa da kai sukan riga ka ji.

Anya ba lalaci ba ne aka yi wa kwalliya?

A'a. Malalaci ba ya jin zafin aikin da bai yi ba, yana kwance hankalinsa kwance. Wanda ya galabaita yana zaune ne yana cin kansa, yana son tashi ya kasa. Galibi ma abin ya fi kama wanda ake cewa "ba shi, zai yi", wanda bai iya cewa a'a ba, wanda in an raba aiki nasa ne ke fara ƙarewa sai a ƙara masa na wani.

Me ke faruwa a cikin jiki? Da gaske aiki yana iya kisa?

Idan mutum ya tsorata ko ya shiga matsi, jiki yakan saki sinadaran adirinalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, hawan jini ya ɗaga, suga ya ƙaru a jini, narkar da abinci ya ja baya. An yi wannan tsarin ne don haɗarin da zai zo ya wuce, ka gudu ko ka yi faɗa, sannan komai ya lafa. Matsalar aikin zamani ita ce haɗarin ba ya wucewa. Wa'adin da aka ba ka yana nan, bashi yana nan, saƙon shugaba yana shigowa ƙarfe goma na dare. Jiki ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana wata da watanni, kamar injin da aka bari a kunne ba a taɓa kashewa.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin haɗin gwiwa: a shekarar 2016 kaɗai, mutum kusan 745,000 suka mutu ta dalilin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da yin aikin awa 55 ko fiye a mako. Idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. A Japan har suna gare shi, karoshi, mutuwa saboda yawan aiki, kuma a can ana ɗaukar ƙarin awa 80 a wata a kan lokacin aiki a matsayin layin haɗari. A 2014 sai da majalisarsu ta yi doka a kai.

Awa 55 ba wani abu ne mai nisa ba. Awa tara da 'yan mintuna ne a kullum, kwana shida a mako. Mutane da yawa sun wuce nan ba su ma taɓa ƙirgawa ba.

To yawan aiki ne kaɗai ke jawo ta?

Da haka ne da abin ya zo da sauƙi. Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun lissafa wurare shida da aiki da ma'aikaci kan saɓa. Yawan aiki ɗaya ne kawai daga ciki. Sauran su ne rashin ta-cewa a kan yadda za ka yi aikinka, rashin sakamako, ko na kuɗi ko na yabo, zaman doya da manja tsakanin abokan aiki, rashin adalci, da kuma a sa ka yin abin da zuciyarka ba ta yarda da shi ba.

A ganina rashin adalci ya fi sauran cin rai. Mutum zai iya kwana yana aiki wata guda cur idan ya san kowa haka yake yi kuma an ga ƙoƙarinsa. Amma ka yi aikin, wani ya karɓi yabon, a ƙara wa na uku girma don ya iya fadanci, nan ne gwiwa ke sanyi, ko da awa shida kake yi a rana. Shi ya sa za ka ga mutum biyu a tebur ɗaya, aiki iri ɗaya, ɗaya na walwala ɗaya na bushewa.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa nake ɗari-ɗari da wuraren aikin da ke shirya wa ma'aikata lacca kan yadda za su yi numfashi su kwantar da hankali, alhali aikin mutum uku ne a kan mutum ɗaya. Ruwa ake ta ɗurawa a tulun da ke yoyo, ba wanda ya duba gindinsa.

Idan na huta, ba asara zan yi ba? Aikin ai ba ya jira.

Lissafin da ke kanmu shi ne awa goma sha biyu ta ninka awa shida. A kan inji haka ne, a kan mutum ba haka ba ne. John Pencavel, masanin tattalin arziki a Jami'ar Stanford, ya koma kan bayanan ma'aikatan masana'antun harsashi na Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ake iya ƙirga abin da kowa ya ƙera. Ya gano cewa har zuwa kusan awa 49 a mako, ƙarin lokaci yana kawo ƙarin kaya daidai gwargwado. Daga nan riba ta fara raguwa, har ya zama abin da aka samar a awa 70 bai fi na awa 56 da wani abin kirki ba. Awa 14 ke nan ta tafi a banza. Ya kuma ga cewa hana ma'aikata ranar hutu ta mako yana rage abin da suke samarwa.

Masu masana'antu sun daɗe da sanin haka. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1919 a kan awa takwas a rana da awa 48 a mako take. A 1926 Henry Ford, mai kamfanin ƙera motoci a Amurka, ya mayar da masana'antunsa kwana biyar a mako, kuma shi ba mutum ne da aka sani da wasa da riba ba.

Ga mai aikin da kuskurensa ke da tsada, abin ya wuce maganar asara. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sukan yi daidai da na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, wato haddin da ƙasashe da dama suka hana tuƙi da shi. Wanda ya tashi ƙarfe biyar na safe ya kai wannan matakin ƙarfe goma na dare.

Barcin awa nawa ya isa? Ni awa biyar nake yi kuma lafiyata lau.

Ga baligi, masana barci sun tsaya a kan awa bakwai zuwa sama, yawanci bakwai zuwa tara. Akwai waɗanda halittarsu ta ɗan gajeren barci ce, amma 'yan ƙalilan ne ƙwarai, kuma kusan duk mai faɗin haka ba ya cikinsu. Abin da ke faruwa shi ne mutum yakan saba da gajiyar har ya manta yadda wartsakewa take. Gwaji mai sauƙi: a ranar da ba ka da aiki kuma ba ka saita agogo ba, awa nawa kake yi? In ka zarce da awa biyu ko uku, bashi ne jikinka ke karɓa.

Ramuwar ƙarshen mako tana rage wani abu, ba ta biya duka, kuma tana rikita agogon jiki har daren Lahadi barci ya ƙi zuwa. Tsayayyen lokacin tashi ya fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Sai maganar kofi da abubuwan sha masu ƙara kuzari. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke kawo jin barci. Kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, ba ya kwashe shi, toshe masa hanya kawai yake yi, gajiyar na nan tana jira a bakin ƙofa. Kuma yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin ƙarfe biyar na yamma yana nan tare da kai a kan gado ƙarfe goma. Rurumin rana na minti ashirin yana taimakawa. In ya kai awa guda, sau da yawa mutum kan tashi kansa ya yi nauyi.

Na wuni a kwance ina latsa waya, amma na tashi a gajiye. Me ya sa?

Domin bayanka ne ya huta, kanka bai huta ba. Sabine Sonnentag, wata masaniya Bajamushiya da ta daɗe tana binciken yadda ma'aikata ke farfaɗowa bayan aiki, ta fito da abubuwa huɗu tare da abokiyar aikinta Charlotte Fritz. Babba a cikinsu shi ne zuciya ta rabu da aikin gaba ɗaya na wani lokaci. Sai sakin jiki, sai yin wani abin da kake koyo ko kake gwanancewa a kai wanda ba ruwansa da aikinka, sai kuma ya zama kai ke da iko da lokacin.

Na ukun yakan ba mutane mamaki. Wanda ya wuni a gaban kwamfuta, ya dawo ya shiga gyaran keke ko ɗinki ko ban ruwan shuka, ya yi gumi, sau da yawa ya fi wanda ya miƙe a kujera wartsakewa. Hannu ya kama wani abu, tunani ya bi hannun. Ita kuwa waya, a cikinta saƙon aikin yake, a cikinta labarin tashin hankali yake, a cikinta kake ganin tsaranka da suka yi maka nisa. Yatsa na ta ja, zuciya na ta auna kanta da wasu. Wa zai huta a haka?

Ka zaɓi hutun da ya saɓa wa aikinka. Mai aikin ƙarfi ya kwanta. Mai aikin zama ya tashi ya taka. Wanda ya wuni da surutun jama'a ya nemi shiru, wanda ya wuni shi kaɗai ya nemi mutane.

Idan na ɗauki dogon hutu, shi ke nan na warke?

Za ka ji sauƙi, amma bincike ya sha nuna cewa amfanin hutun yakan dushe cikin 'yan makonni da komawa, wani lokaci ma tun a makon farko. Idan ka dawo ka tarar da abin da ka bari, har da tarin na kwanakin da ba ka nan, da sauri za ka koma gidan jiya. Ɗan hutun da ake samu kullum da na kowane mako ya fi na shekara sau ɗaya tasiri.

Ni sai na fita nake samun na abinci. Wane hutu ake gaya mini?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma yawancin masu wa'azin hutu ba da kai suke ba. Wanda albashinsa ke shigowa ko ya yi ciwo ba zai gane abin da rana ɗaya ke nufi gare ka ba. Ba zan ce maka ka rufe sana'a mako biyu ba.

Amma ka yi wannan lissafin: jikinka shi ne jarinka, kuma ba ka da wanda zai biya ka ranar da ya ƙi tashi. Rabin yini da ka ajiye da kanka ya fi sauƙi a kan mako uku da ciwo zai ƙwace ba shawara. Duba makonka, akwai lokacin da kasuwa ke mutuwa, kana zaune ne kawai kana gadi. Mayar da shi lokacin hutu na gaske, ka rufe ido, ka bar waya. Ka ci abinci a zaune. Ka sa wa kanka lokacin tashi, domin mai aikin kansa ya fi kowa mugun ubangida. In akwai wanda kuke sana'a ɗaya kuma ka yarda da shi, ku riƙa karɓar juna. Duk wannan ba ya cin kuɗi.

Kuma kada tallace-tallace su ruɗe ka cewa kula da kai wani abu ne da ake saye a kwalba. Yawancinsa abubuwa ne marasa armashi: barci, ruwa, shan maganin da likita ya rubuta a kan lokaci, zuwa a duba haƙorin da ka yi wata shida kana daurewa.

Ni uwa ce, ba na zuwa ofis. Ni ma tana iya kama ni?

Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. Bayanin Hukumar Lafiya ya tsaya a kan wurin aiki, amma wasu masana biyu a Beljiyam, Isabelle Roskam da Moïra Mikolajczak, sun yi shekaru suna binciken irin wannan galabaita a wurin iyaye, kuma kamannin ɗaya ne: ƙarfi ya ƙare, uwa ta ji ta yi nisa da 'ya'yanta a zuci, tana yi musu komai amma kamar inji, sannan ta riƙa zargin kanta. Haka ma mai jinyar tsoho ko mara lafiyan da ya daɗe a kwance.

Naki ma ya fi wuya ta wani ɓangaren, domin ba lokacin tashi, ba ranar hutu, ba takardar ajiye aiki. Na san wadda takan shiga banɗaki ta kulle, ta zauna a kan murfin bokiti minti biyar, ba don komai ba sai don nan ne kaɗai ba a kiran sunanta, ƙaramin kuma yana turo yatsunsa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta daɗe tana ganin wannan abin kunya ne.

Abin da ke taimakawa shi ne neman taimako da suna da lokaci. "Na gaji" kowa zai ce sannu ya wuce. "Ranar Asabar daga ƙarfe biyu zuwa biyar yaran suna hannunka" magana ce da ake iya amsawa. In an karɓa, ki fita daga gidan ko ki rufe ƙofa, kuma ki haƙura da yadda za a yi abin ba irin naki ba.

Yaya zan ce wa shugabana aikin ya yi yawa ba tare da na ja wa kaina ba?

Kada ka je da kuka, je da lissafi. Rubuta duk abin da ke hannunka da lokacin da kowanne zai ci. Sannan ka mayar masa da zaɓin: "Ranka ya daɗe, ga ayyuka huɗu a hannuna, duka ana so kafin Alhamis. Biyu za su samu da kyau. Wanne kake so in fara da shi, wanne zai jira?" Ba ka ƙi ba, ba ka kuma ɗauki abin da zai karya ka ba. Shugabanni da yawa ba su san nauyin da ke kan mutum ba, saboda duk abin da aka miƙo ya karɓa yana murmushi. Wanda kuma ya sani bai damu ba, ka ƙaru da sanin inda kake.

In matsalar ta kowa ce, ku je tare. Murya ɗaya ƙorafi ce, biyar kuwa batu ne.

Saƙonnin aiki da dare fa?

Faransa ta yi doka a kai, wadda ta fara aiki a Janairun 2017: kamfanonin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu a tsara lokacin da mutum ke da 'yancin kashe waya. Inda babu doka, al'adar da ka saba wa mutane ita ce dokarka. In kana amsawa ƙarfe sha ɗaya na dare, ka koya musu cewa ana samunka a lokacin. Ka kashe ƙarar saƙonni, ka gaya wa waɗanda ya kamata cewa in abin gaggawa ne su kira. Za ka sha mamakin ƙarancin abin da ya kai a kira. Wayar kuma ta kwana nesa da matashin kai.

Ina a gajiye kuma a ce in motsa jiki?

E, amma a hankali. Shawarar Hukumar Lafiya ga baligi ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar sauri. In wannan ya yi maka nisa, fara da minti goma a waje da safe. Hasken rana na safe yana daidaita agogon jiki, barcin dare ya fi zuwa. In aikinka na ƙarfi ne, ka riga ka biya wannan.

Yaushe ya kamata in ga likita?

In gajiyar ta wuce makonni kana hutawa ba ta sauka ba, je a duba ka. Ƙarancin jini, ciwon suga, matsalar tayirod (wani sashen jiki da ke gaban wuya), da ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda kan zo da minshari mai ƙarfi, duk suna kawo gajiya irin wannan, kuma wasunsu gwajin jini kawai zai nuna. Kada ka yi shekara kana zargin aikinka alhali ƙarfen jininka ne ya yi ƙasa.

Sai ciwon damuwa mai tsanani, wanda ke kama da galabaita har masana na jayayya kan inda iyakarsu take. Abin da ake dubawa shi ne: galabaita takan sassauta in ka yi nisa da aikin, ka ji daɗin hira da abokai, ka yi dariya. Ciwon damuwa yana bin mutum ko'ina, ya ɗauke ɗanɗanon komai, ya sa ya ga kansa ba shi da amfani. In haka ya kai mako biyu, maganar likita ce. In kuma tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, ko ka ji gara ba ka raye, kada ka jira gobe: gaya wa wani na kusa yau, ku je asibiti. Haka ciwon ƙirji, ko shanyewar hannu ko fuska, ko harɗewar harshe. Waɗannan na gaggawa ne.

Wanda ya fara neman barci da ƙwaya ko barasa, ya kuma nemi farkawa da wata ƙwayar, shi ma ya faɗa wa likita gaskiya.

In ajiye aikin kawai?

Wani lokaci ita ce amsar, musamman inda ake wulaƙanta mutum ko ake sa shi cutar da wasu. Amma kada ka yanke hukuncin ƙarfe uku na dare. Wanda ya galabaita ƙofa biyu kawai yake gani, ya daure ko ya gudu. Samu 'yan kwanaki ka yi barci tukuna, ka koma kan abubuwa shidan nan ka ga wanne ne naka. In yawan aiki ne, wataƙila ana iya gyarawa a inda kake, ko da canjin sashe. In kuma halinka ne na ɗaukar komai, zai bi ka sabon wurin a cikin jakarka.

Tsawon wane lokaci ake ɗauka kafin a dawo daidai?

Ya danganta da zurfin da aka yi. Wanda ya farga da wuri, 'yan makonni na barci mai kyau da rage kaya kan isa. Wanda ya kai ga faɗuwa, watanni ne, wani ma fiye da shekara. A Suwidin, inda tun 2005 likitoci ke rubuta wannan yanayin a matsayin ciwo mai sunansa, an saba mutum ya koma aiki kashi-kashi, ya fara da rubu'in lokaci, sannan rabi, kafin ya cika.

Sauƙin ba ya zuwa a miƙe. Kwanakin farko na hutu ma wasu sukan fi jin jiki, ciwon kai ya taso, barci ya yi ta ɗibarsu kamar ba za su ƙoshi ba. Sai wata rana a tashi da ƙarfi, a ce an warke, a kwashi aikin mako a yini ɗaya, washegari a koma kwance. Kusan kowa sai ya yi wannan kuskuren. Mantuwa da rashin tattara hankali sukan fi gajiyar jiki daɗewa, don haka ka riƙa rubuta abubuwa, kada ka tsorata.

Ni dai barci ne ya fara dawo mini, bayan kusan wata biyu. Haƙuri da mutane ya biyo baya. Son aikin shi ya zo ƙarshe, kuma sai da na bar ɗaya daga cikin ayyuka ukun da nake riƙe da su. Har yanzu in waya ta yi ƙara bayan ƙarfe tara gabana yakan ɗan faɗi, sai in tuna tana ɗaya ɗakin, in bar ta sai da safe.